Illo da Waƙar Bayan Katanga

Malam Illo taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni, in kuma bai ji daɗi ba ya san inda shagona yake. Ni sunana Bukari, tela ne a Château Rouge, na fi shekara ashirin ina yi wa matan Paris ɗinkin Damagaram. Shi kuma sunansa na yanka Illiassou, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai ma'aikatan ofishin takardun zama.

Yana da teburi a ƙuryar shagona, bayan labule, inda yake gyaran rediyo da rakoda. Wurin na ba shi aro na wata uku a shekarar 1987, lokacin da aka rufe gidan silimar da yake aiki a Barbès. Har zuwa shekarar da nake ba da labarinta, 1996, wata ukun ba su cika ba. Kullum da safe zai taso daga Stains, ya shigo da kwat ɗinsa ruwan toka da karabat a wuya da hular Damagaram a ka, turnabis ɗinsa na kwance kusoshi yana leƙowa daga aljihun gaba. Gajere ne, amma in yana tafiya sai ka ɗauka akwai wanda zai buɗe masa ƙofar mota a gaba.

Abin alfaharinsa a duniya kunnensa ne. Yakan ce in motar da ke juya kaset a cikin rakoda ta yi sanyi ko da na gashi ɗaya ne, shi zai ji. Mutum zai kawo rediyo a canza masa waya, sai ya tashi da darasin rabin awa a kan yadda yaran yanzu ba su san sauti ba. Kiɗan da yake so kuwa ba na gida ba ne, ba na Kongo ba ne, tsohon kiɗan Amirkawa ne na ƙahoni da ganguna, wanda mutum ashirin za su jeru da fararen riguna suna busa tare. Shi yana kiransa suwin, in ya so burge baƙo ya ce jaz. Ranar Juma'a a sahun gaba za ka same shi da carbi, amma da mun dawo shago ya kunna kaset, ƙafarsa ta dama ba ta ƙara zama wuri ɗaya. Na sha ce masa ƙafar nan ba ta musulunta tare da sauran jikinsa ba. Sai ya ce tela ba ya jin komai a duniya sai kukan keke.

Asalin wannan ciwo daga garinmu Zinder, wato Damagaram, ya ɗauko shi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya zama mai haska fim a silimar wani Balabane, fili ne da katanga da benci, sama a buɗe. Da daminar 1958 ruwa ya yanke hanya, motar da ke kawo sabbin finafinai ta kasa isowa, sai aka yi mako bakwai ana nuna fim ɗaya. Na Amirka ne, baƙi da fari, labarin wani mai busa ƙaho da ke neman wata mawaƙiyar otel. Ba wanda ya ji abin da suke faɗa, ba kuma wanda ya damu. Gari ya sa wa fim ɗin suna Mai Ƙaho. A tsakiyarsa akwai wata waƙa da ƙahoni ke tashi gaba ɗaya, matar ta shigo da murya, ita ce ta kama Zinder kamar mura. 'Yan ga-ruwa na fito da ita, masu keke na buga ta da ƙararrawa. Ni kaina, ina almajirin ɗinki a lokacin, na soke yatsana da allura ba sau ɗaya ba saboda ita.

Matarsa, Hajiya Fatsima, ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. 'Yar gidan mutunci ba ta shiga silima a wancan zamani. Dafaffiyar gyaɗa take sayar wa uwarta a bakin ƙofa, waƙar kuma ta kan katanga take tsallakowa ta same ta. A bakin ƙofar nan Illo ya gan ta, bayan shekara biyu aka ɗaura. Da ya sami aikin silima a Paris ya ɗauko ta, suka zauna a hawa na bakwai a Stains, suka haifi 'ya ɗaya, Hamdiya. Fatsima mace ce mai magana kaɗan, amma in ta yi guda ɗaya sai ka kwana uku kana jin ta. Ita kaɗai ce Illo ba ya yi wa darasi.

A watan Oktoba na 1996 zuciyarta ta fara ba ta wahala, aka kwantar da ita a asibiti. Likitoci suka sa ranar Litinin ta sama don aiki, suka kuma gaya wa Hamdiya gaskiya: aikin babba ne, jikin kuma ya gaji. Hamdiya ta zo shago ta faɗa mana a tsaye, ba ta ko ajiye jaka ba. Illo ya ce Allah ne mai magani, ya koma bayan labule. Rannan har muka tashi bai kunna komai ba, shirun nan kuwa ya fi kiɗansa damuna.

A shekarar ne wani ƙaramin kamfani ya tono kiɗan wancan tsohon fim ya sake fitar da shi a faifan CD. Illo ya ga hoton mai ƙahon a tagar wani kanti tun watan Yuni, ya gane shi nan take, amma ya ƙi saye. A ganinsa CD ba faifai ba ne, madubin kwalliya ne, kiɗan da ba allura ba kaset ai ba kiɗa ba ne. Ya yi ta mita a gida har Fatsima ta haddace zancen. Shi ya sa ranar Talata, da muka je duba ta, ta bari ya gama jera mata ayaba da lemo a kan teburi, sannan ta ce:

"Malam, waƙar nan ta bayan katanga. Ina so in ji ta kahin Litinin."

Shekara talatin da shida suna tare, ban taɓa jin ta roƙe shi ko ɗankwali ba. Ya ce, "An gama, Hajiya." Ya faɗe shi kamar mai sa hannu a takarda.

Washegari ya sayo madubin kwalliyar, ya ari ɗan injin Hamdiya mai abin sawa a kunne, muka koma asibiti. Ya sa mata da kansa, ya danna, ya ja da baya ya harɗe hannu yana jiran godiya. Ta rufe ido. Ba ta kai minti ɗaya ba ta buɗe, ta zare abin daga kunnenta.

"Ba ita ba ce."

"Hajiya, ga hoton mutumin nan a jiki."

"Hoto dai nasa ne. Waƙar ta yi kama da ita, amma wannan kamar ba ta karya kumallo ba. Tamu tana da ƙahwa."

Illo ya karɓa ya saurara, ina kallon fuskarsa tana sauyawa. Ya miƙo mini. Na saurara ni ma, kuma wallahi gaskiyarta: waƙar ce, amma a kasalance, ƙahonin sun yi nauyi, muryar matar ta yi ƙasa kamar wadda ta tashi daga barci. Tamu ta Zinder tsalle take yi. Illo ya ce sun kashe ta, Turawa sun tono ta daga kabari don su sake kashe ta. Ya rantse wa Fatsima zai kawo mata ta gaskiyar kafin Litinin. Ta ce Allah ya ba da iko, ta juya ta fuskanci bango, na kuwa ga ranta bai so ba.

Mai kantin ya ce shi sayarwa kawai yake yi. A cikin ɗan littafin da ke jikin faifan Illo ya sami sunan wanda ya yi aikin, wani Bature, Mushe Ilya, wato Malam Ilya a Faransance, da adireshinsa da lambar wayarsa a Lyon. Ya buga masa waya daga shagona, ya yi minti goma yana bayani, ya ajiye ya ce mutumin kurma ne amma yana da ladabi, ya ce mu zo ranar Asabar. Na tambaye shi wane ne "mu". Ashe Fatsima ta riga ta aiko Hamdiya da saƙo: kada in bar shi ya tafi shi kaɗai, don ko dai ya ɓata ko ya yi faɗa, wataƙila ma duka biyun.

Muka shiga jirgin ƙasa mai gudu da sassafe. Illo ya riƙo ƙunshin kilishi na tsaraba da jakar kayan aikinsa, domin shi a zuwansa gyara zai je yi. Ya riga ya gano ciwon tun daga Paris: robar da ke juya motar injin Bature ta saki. Awa biyu yana zana mini yadda abin yake a bayan tikiti. Ni kuwa ina duban shanun Faransa ta taga, ina lissafin ɗinkin bikin da na bari a kan keke.

Gidan Mushe Ilya a kan tudu yake, unguwar tsoffin masaƙa, kuma duk wanda ya gina Lyon bai taɓa ciwon gwiwa ba. Muka hau matakala har na daina ƙirgawa. Ɗaki ne guda mai dogon rufi, bango huɗu cike da faifan garmaho, injuna a jere a kan benci. Mutumin dogo ne siriri, ya tasam ma saba'in, iyayensa daga Rasha suka zo. Illo ya gaishe shi da Faransanci amma gaisuwar Damagaram: ya gida, ya iyali, ya gajiya, ya sanyi, ya aka ji da aiki. Bature ya amsa biyun farko, daga nan ya tsaya yana murmushi yana jiran a kai ƙarshe. Da aka kai, Illo ya ajiye kilishi a kan teburi, ya zaro turnabis, ya ce masa cikin girmamawa injinsa yana da ciwo.

Na zaci za a kore mu. Mushe Ilya bai ko ɗaga murya ba. Ya ɗauko tsohon faifan garmaho na asali daga cikin takarda, ya ɗora, ya sa allura. Waƙar ta fito a kasalance, daidai da ta CD. Illo ya ce wannan injin ma ya yi sanyi. Aka ɗora a na biyu, haka. Aka kawo wani faifan takarda mai zane-zane da ake auna gudun inji da shi, aka haska masa fitila, zanen ya tsaya cik, alamar gudun injin daidai yake. Illo ya duba da kyau, domin ya san abin, shi ma yana da irinsa a shagona. Ya ce to wutar Lyon ce ba ta da ƙarfi.

Sai Bature ya ce, "Mushe, rera mini yadda ka san ta."

Ban taɓa zaton zan ga wannan rana ba. Taubashina, mai jika biyu, ya gyara hula, ya tsaya a tsakiyar ɗakin Bature, ya kumbura kumatu ya zama ƙaho. Ya busa da baki, ya buga ganga da tafin hannu a cinya, da ya kai wurin matar ma bai ja da baya ba, ya siranta murya ya shiga. Na so in yi dariya, amma na tuna wadda ake yi dominta, sai dariyar ta maƙale. Mushe Ilya ya saurara da kai a sunkuye har ƙarshe. Ya je ya ɗaura waƙar a wani babban inji mai zare, ya nuna wa Illo wani maɓalli da ake murzawa, ya ce ya murza a hankali har sai ta zama tasa.

Illo ya murza. Waƙar ta fara miƙewa, ƙahonin suka yi haske, matar ta farka. Ya ƙara. Kafin ya ce komai ƙafata ta riga ta ba da shaida, na ji ƙamshin ƙasar Zinder bayan ruwa, na ji har zafin allurar nan a yatsana. Illo ya ɗaga hannu ya ce, "Nan. Walla, ita ce wannan." Ya juya ya dubi Bature irin duban da malami ke yi wa ɗalibin da ya gane karatu a makare.

Mushe Ilya ya duƙa ya karanta lambar da maɓallin ya tsaya a kai. Ya ce gudun ya ƙaru da kashi goma sha biyu cikin ɗari, kuma ba mai busa ƙahon da ya taɓa busa ta haka. Sannan ya tambaya, a silimar tamu daga ina ake samun wuta.

"Muna da namu gurup," in ji Illo, "injin wuta a bayan ɗakin haskawa."

"Ka san injin haska fim gudun injin wuta yake bi. In aka ƙara wa injin wuta mai, fim ya yi sauri, sauti ya hau sama. Wa ke kula da injin?"

Illo ya dubi turnabis ɗin da ke hannunsa, ya mayar da shi aljihu. Ya nemi kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. Tun muna yara nake neman ranar da zan ga bakinsa ya mutu, ga ta ta zo, kuma ban ji daɗinta ko kaɗan ba.

Da Hausa ya yi mini bayanin, murya ƙasa-ƙasa, Bature na tsaye yana kallonmu. Ya ce a daminar nan Fatsima ta gaya masa uwarta ta kafa mata doka: da an busa begilar barikin soja ta ƙarfe tara, ta kasance ta ɗauki tirenta ta kama hanya. Fim kuwa sai tara da 'yan mintoci yake ƙarewa, shi kuma ba ya iya barin inji. Kullum ya fito sai ya tarar da ɓawon gyaɗa kawai. Rannan sai ya zagaya baya ya ɗan taɓa wa injin wuta mai. Fim ya ƙare da wuri kaɗan, ya hango bayanta. Washegari ya ƙara. A kwana na huɗu ya sami daidai inda fim zai ƙare ya ba shi minti biyar, ya ɗaukar mata tire ya raka ta har kwanar masallacin unguwarsu. Ya sa ƙusa ya yi alama a jikin injin wutar, kullum nan yake kai abin ƙara man.

"Ni lokaci na san ina sata, Bukari," ya ce. "Ban san har da murya nake ɗauka ba."

"Kai da kunnenka da ke jin gashi ɗaya?"

"A lokacin ba wajen inji kunnena yake ba."

Na fassara wa Mushe Ilya a taƙaice. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, ya ga faifan da rana ta lanƙwasa, ya ga wanda ɓera ya ci, amma bai taɓa ganin waƙar da neman aure ya ƙara wa gudu ba. Ya ɗauko sabon kaset ya ɗaukar mana ita daidai inda Illo ya tsayar da maɓallin. A jikin kaset ɗin ya rubuta sunan garinmu da shekarar. Kilishin kuwa ya ɗanɗana don kara, ya sha ruwa kofi biyu.

A jirgin dawowa ba a yi mini zane ba. Sai da muka wuce rabin hanya Illo ya ce:

"Ba sai ta sani ba. Ta ce in kawo waƙa, ga waƙa."

"To me za ka ce mata Bature ya ce?"

"Zan ce ya gane kuskurensa."

"Ni dai an aiko ni in hana ka ɓata da faɗa. Ba a ce in taya ka ƙarya ba."

Ya ce tun muna yara ba ni da amana. Na ce tun muna yara yake cika baki. Gaskiyar magana na tausaya masa. Mutum ya gina kansa gaba ɗaya a kan kunne, ya tsawata wa rabin Château Rouge a kan sauti, sai ga shi dole ya tsaya gaban mace ɗaya da yake jin nauyi ya ce shi ne ya koya wa gari guda waƙa a karkace. Kuma ina tsoro, shi ma yana tsoro, kada wannan ta zama hira ta ƙarshe da za su yi.

Ranar Lahadi da la'asar muka shiga ɗakinta. An riga an hana ta abinci mai nauyi, an sa mata ƙarin ruwa a hannu, ta ƙara ƙanƙancewa a cikin farin zanen gado. Illo ya zo da wata 'yar rakoda da ya gyara wa wani bai zo ya karɓa ba. Ya ajiye ta a kan teburi kusa da injin Hamdiya, ya rage murya saboda maƙwabciyar gado, ya danna.

Ƙahonin suka tashi. Fatsima ba ta rufe ido ba wannan karon, rufin ɗakin ta zuba wa ido. Na ga yatsunta suna motsi a kan zanen, suna tsinta suna zubawa, kamar mai auna gyaɗa a gwangwani. Da matar ta shigo sai leɓenta ya bi ta, da waɗansu kalmomi da ba Turanci ba ne ba kuma Hausa ba, irin waɗanda duk 'yan Zinder na wancan zamani suka ƙirƙira wa kansu. Har waƙar ta ƙare ba wanda ya yi tari.

"Ita ce," ta ce. "Sannu da hanya, Malam. Allah shi yi albarka."

Da ya yi shiru a nan, da ya tsira. Ni ma na yanke a raina ba zan ce uffan ba. Amma Fatsima ta juyo da kai ta ce, "To me Baturen ya ce da ka nuna masa kuskurensa?"

Illo ya dube ni. Na dubi ledar ƙarin ruwa. Ya gyara karabat, ya fara da cewa ai Bature mutumin kirki ne, ya bi ta kan matakalar Lyon, ya ratsa ta kan kilishi. Ta bar shi ya yi ta zagaye. Daga ƙarshe ya cire hula ya riƙe a hannu, ya faɗa mata duka: injin wuta, ƙusa, begilar ƙarfe tara, minti biyar. Ya ce ta CD ɗin ita ce ta gaskiya, tasu ita ce gurguwa, kuma shi ya gurgunta ta.

Ta rufe ido ta kau da kai, har na fara tunanin kiran likita. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, tana dafe ƙirji saboda zafi.

"Ashe kai ka ɓata wa Damagaram kunne," ta ce. "Har liman na ji yana gunguninta a bakin rijiya."

"Dokar Inna ce ta jawo, Hajiya."

"Wace doka? Inna ba ta taɓa ce mini ƙarhe tara ba. Ita dai in sayar da gyaɗa in kawo tire. Ni na hwaɗa maka haka, in ga ko za ka yi wani abu a kai ko kuwa surutu ne kawai."

Illo ya tsaya da hula a hannu.

"Kwana ukun farko ina tahiya da gangan," ta ce. "Daga ranar da ka ɗauki tiren nan, ko da fim ɗin zai kai asuba, nan za ka hito ka iske ni."

Ya jawo kujera kusa da gadon ya zauna, ya ɗora hular a gwiwa yana shafa ta. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba, ni ma ban tsokane shi ba, kuma ban taɓa tsokanarsa a kan wannan ba har yau.

Fatsima ta nuna injin Hamdiya da haɓa.

"Waccan mai sanyin jikin, ita da tamu wace ta hi tsawo?"

"Waccan. Minti huɗu ce cif. Ta hi tamu da kusan rabin minti."

"To sa mini ita. Rabin mintin nan nawa ne, ban taɓa jin sa ba. Kai ma ka sa ɗaya a kunnenka, ka zauna. Yau ba inda za mu da sauri."

Ya warware wayar, ya sa mata ɗaya, ya sa wa kansa ɗaya. Wayar gajera ce, dole ya sunkuyo har kansa ya kusa taɓa matashinta. Ya danna.

Na fita na jawo musu ƙofa. A bakin ƙofar na yi kiciɓis da ma'aikaciyar jinya, ta turo keken magani za ta shiga auna ta don shirin gobe. Na tare hanya da duk Faransancin da nake da shi, na roƙe ta ta fara da ɗaki na gaba. Ta duba agogo, ta tambaye ni har tsawon wane lokaci. Na ce mata minti huɗu.